Yadda ake gano asalin kakan da ya sauka Virginia a zamanin mulkin Ingila

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah da ke aure a Amurka. Surukarta ta damƙa mata takardun gidansu, ita kuma tana so ta rubuta wa 'ya'yanta asalinsu ta wajen uba. Sun bi salsala har zuwa kan wani mutum da sunansa ya fara bayyana a 1663, cikin takardar mallakar filin wani mai hali a gundumar Rappahannock ta Virginia. Daga nan sawu ya ɓace. Sai ta ga a intanet wani ya jingina shi da wani gidan sarauta a Ingila. Tana tambaya ko ta yarda da hakan, in kuwa a'a, ta ina za ta gano garin da ya fito.

Malama, sannu da ɗawainiya. Kada ki sa wannan gidan sarauta a littafin yaranki tukuna. Ban ce ƙarya ba ne, amma sai wanda ya rubuta ya kawo takarda ta wancan zamani wadda ta nuna mutumin Virginia da mutumin Ingila mutum ɗaya ne. Suna ya zo ɗaya, shekarun haihuwa sun yi kusa, wannan ba hujja ba ce. Kama da wane ba wane ba ne. A Ingila ta ƙarni na 17 sunayen yanka 'yan kaɗan ne ke yawo a tsakanin maza, John, William, Thomas, Richard, Robert, kuma duk sunan dangin da kika ɗauka za ki tarar da yara da dama masu suna iri ɗaya an yi musu baftisma a garuruwa daban-daban cikin shekara goma.

Kotunan Virginia na lokacin ba ruwansu da inda mutum ya fito. Abin da ke gabansu dukiya ce: fili, bashi, gado, da shekarun aikin da bara zai yi wa ubangidansa. Don haka asalin mutum ba ya shiga littafi sai inda dukiya ta tilasta a faɗe shi. In kin bi dukiyar da ta ratsa hannunsa da hannun mutanen da ke kewaye da shi, ita za ta kai ki, in har akwai inda za a kai.

Mu fara da takardar 1663 ɗin, don ina ganin an ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Tun 1618 Kamfanin Virginia ya kafa tsari cewa duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum guda zuwa Virginia za a ba shi eka 50. Ya biya wa kansa, eka 50. Ya zo da mata da 'ya'ya da barori, kowane kai da hamsin ɗinsa. Tsarin ya ɗore bayan sarkin Ingila ya karɓe mulkin yankin daga hannun kamfanin a 1624. Mai nema zai je kotun gunduma ya rantse ya shigo da wane da wane, akawu ya ba shi takardar shaida, safiyo ya auna fili, sannan gwamna ya sa hannu a takardar mallaka. A ƙarshen takardar ake jera sunayen mutanen da aka sami filin albarkacinsu, kuma a wannan jeri sunan kakan yaranki yake.

Mutane kan karanta wannan su yanke cewa ya sauka a 1663, a Rappahannock, kuma baran mai filin ne. Ko ɗaya daga cikin ukun takardar ba ta faɗa ba. Takardun shaidar nan saye da sayarwa ake yi da su. Kyaftin ɗin jirgi ko ɗan kasuwa zai tara su, ya sayar wa manomin da ke neman faɗaɗa gona, shi ma ya ajiye shekara da shekaru kafin ya kai wa safiyo. Mutum na iya sauka a bakin kogin York a 1655, sunansa ya fito a filin Rappahannock bayan shekara takwas, alhali shi da mai filin ba su taɓa haɗa ido ba. Akwai sunayen da aka ci fili da su sau biyu, sau uku. Akwai mazauna Virginia da suka je Ingila suka dawo aka sake ƙirga su. Masu kuɗi ma sunansu na shiga jerin. Abin da kawai za ki rubuta da tabbaci shi ne, wani mai wannan suna ya shigo Virginia a 1663 ko kafin nan.

Duk da haka takardar na da amfani ta fuska biyu. Na ɗaya, ki nemo ranar da kotu ta ba da takardar shaidar. Tana cikin littafin kotun gunduma, sau da yawa ta girmi takardar mallakar, kuma wanda ya rantse a kanta zai iya zama wani dabam, wanda ya fi kusa da jirgin. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wurina, sauran sunayen da ke jere da nasa. Ki kwafe su duka yadda suka zo, kar ki sauya musu tsari. Mai yiwuwa wasu daga cikinsu jirgi ɗaya suka hau. Idan shi bai bar labarin garinsu ba, wataƙila na kusa da shi a jerin ya bari.

Takardun mallakar Virginia daga 1623 suna Laburaren Jihar Virginia da ke birnin Richmond, kuma hotunansu na kan intanet kyauta. Nell Marion Nugent ta taƙaita su a littafi, juzu'in farko ya fito a 1934 ya ɗauki 1623 zuwa 1666, kuma da shi kowa ke lalubo suna. Ki lalubo da shi, amma ki koma ki duba hoton da idonki. Littattafan farko ma kwafi ne da akawuna suka sake rubutawa daga baya, ga rubutun hannun zamanin mai wuyar karatu, ga shi kowa na rubuta suna yadda kunnensa ya ji. Ki rubuta duk sigar da sunan zai iya ɗauka, ki nema da kowace.

Sai gundumar kanta. Rappahannock ta 1663 babu ita yau. An yanke ta daga Lancaster a 1656, aka rushe ta a 1692 aka raba biyu, Essex a kudancin kogin Rappahannock, Richmond a arewa. Wannan Richmond gunduma ce, ba birnin ba. Akwai kuma wata Rappahannock ta yanzu can gindin duwatsun Blue Ridge, wadda aka kafa a 1833, ba abin da ya haɗa ta da taku sai suna. Littattafan tsohuwar suna kotun Essex a garin Tappahannock, an ɗauki hotonsu, ana samu a laburaren jihar da kuma FamilySearch, shafin intanet na binciken salsala. Mutum na iya zama a gona ɗaya duk rayuwarsa amma takardunsa su watsu a Lancaster da Rappahannock da Essex, domin iyaka ce ta motsa. Idan kuma gonarsa na arewacin kogin, ya faɗa cikin ƙasar da ke tsakanin Rappahannock da Potomac, wadda Charles na Biyu na Ingila ya ba wasu magoya bayansa a 1649, daga baya ta koma hannun gidan Fairfax. Daga 1690 su ke ba da fili a can, da littattafansu dabam, kuma ba ruwansu da jerin sunayen waɗanda aka shigo da su.

Kin yi sa'ar gunduma. A lokacin yaƙin basasar Amurka wasu gundumomi sun kai littattafansu birnin Richmond don a tsare, gobarar 3 ga Afrilu 1865 ta cinye su tare da takardun babbar kotun Virginia. James City, Hanover, New Kent, Gloucester, duk abin ya shafe su, biyun ƙarshe ma gobara ta riga ta taɓa su a 1787 da 1820. Wanda kakansa ya zauna a can, da guntaye yake aiki. Ke littattafai gare ki.

To, ki zauna ki karanta su shafi-shafi. Na san magana ce mai nauyi, amma babu wata hanya. Fihirisar da akawu ya yi ta mai saye ce da mai sayarwa, da mai ƙara da wanda ake ƙara. Ba ta ɗauke da sunan shaida, ko mai tsaya wa wani, ko maƙwabcin da aka ambata a iyakar gona, ko baran da aka lissafa cikin dukiyar mamaci. Talaka kuwa a irin waɗannan wurare yake fitowa. Tun 2024 FamilySearch ta sa kwamfuta tana karanta rubutun hannu ana nema da suna, abin ya rage wahala ƙwarai, amma tana tuntuɓe a rubutun ƙarni na 17, don haka rashin ganin suna a can ba ya nufin babu shi.

Masana tarihi sun ƙiyasta kusan kashi uku cikin huɗu na Turawan da suka shigo Virginia da Maryland a ƙarni na 17 barori ne masu wa'adi, waɗanda suka sayar da aikin shekara huɗu ko biyar ko fiye don a biya musu jirgi. Ki shirya wa yiwuwar kakan yaranki na cikinsu. Idan ya zo ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, dokar 1662 ta ce wanda ya haura shekara 16 zai yi biyar, wanda bai kai ba zai yi aiki har ya cika 24. Wa zai faɗi shekarun yaron da ba shi da takarda? Ubangidan zai kawo shi kotu. Alƙalan manyan manoman taba ne na yankin, ba lauyoyi ba. Za a tsayar da yaron gabansu, su dubi tsayinsa da ƙirarsa da fuskarsa, su yanke cewa ɗan shekara goma sha uku ne, akawu ya rubuta layi biyu: sunan yaro, sunan ubangida, shekarun da aka yanke, wani lokaci har da sunan jirgin da ya kawo shi. Layi biyun nan na iya ba ki shekarar haihuwa da shekarar sauka da jirgi a tashi ɗaya. Sai dai ki tuna ribar ubangida ce a rage wa yaron shekaru, kuma masu yankewar maƙwabtansa ne. Ki bar sararin shekara biyu ko uku.

Bayan ya gama wa'adi, ki nemi ƙarar neman haƙƙin sallama, wato masara da tufafin da ubangida zai ba bara in ya 'yantu. Da yawa sai da kotu suke samu. Ki nemi ranar da ya yi rajistar alamar da yake yi wa kunnen shanunsa da aladunsa, don ita ke nuna ya fara tsayawa da ƙafarsa. Ki nemi kyautar karsana. Mutanen wurin kan ba yaro karsana su sa akawu ya rubuta, kuma a nan ake faɗin dangantaka ƙarara: jikana, ɗan 'yar'uwata, yaron da na tsaya wa a baftisma. Bashi kuwa da labar taba ake ƙirga shi, kuma wanda ya tsaya wa mutum a bashin laba dubu ba baƙo ba ne a wurinsa.

Abin da ya fi duka daraja shi ne shaidar rantsuwa. Kusan kullum takan fara da sunan mai shaida da shekarunsa, a ƙara da cewa ko kusa da haka. In kin tara uku ko huɗu na mutum ɗaya, shekarar haihuwarsa za ta tsaya. Jefi-jefi kuma, idan rigimar gado ce, za ki ci karo da tsoho yana rantsuwa cewa ya san mamacin tun a gari kaza a Ingila, ya san uwarsa da ubansa. Ba don tarihi ya faɗa ba, don wani ya zo daga ƙetare yana cewa shi ne magaji, dole a tabbatar.

Fili kuma a bi shi tun daga ranar da ya shigo hannun gidan har ranar da ya fita. Takardar ciniki ta 1720 na iya ba da labarin filin baya har hawa uku: gwamna ya ba wane, ya mutu ba wasiyya, ya faɗa hannun ɗansa, shi kuma ya bar wa 'yarsa matar wane. Sai kin san dokar za ki fahimci abin da ba a faɗa ba. A Virginia ta mulkin Ingila, mutum ya mutu ba wasiyya, babban ɗa namiji ke ɗauke fili duka, ba a raba, kuma ba a buƙatar wata takarda. Wannan ya sa wani lokaci wasiyya ba ta ambaci babban ɗan ba sam, domin doka ta riga ta ba shi nasa. In babu ɗa, 'ya'ya mata su raba daidai. In babu 'ya'ya, fili ya koma wa babban ɗan'uwa, ko da yana Ingila, kuma a nan ne ƙofar da kike nema kan buɗe. Matar aure na da sulusin filin mijinta muddin ranta, saboda haka in zai sayar sai an keɓe ta a tambaye ta ko da yardarta. Nan sunanta ke fitowa. Idan kin ga miji da mata sun sayar tare a matsayin masu fili, ki yi zaton ta wajenta filin ya zo, ki koma ki ga na wane ne da.

Ki kula da kalmomin zumunta na Turanci a takardun, ba yadda ake amfani da su yau suke ba. Wadda yanzu ke nufin mijin 'ya, a lokacin tana iya nufin agola. Wadda ke nufin ɗan baffa tana iya nufin ɗan wa ko ɗan ƙane. In an liƙa wa mutum biyu babba da ƙarami, ba lallai uba da ɗa ba ne, masu suna ɗaya ne kawai a gunduma ɗaya. Mutuwa ta yi yawa a yankin a wancan ƙarni, mace kan yi aure uku, gida ɗaya ya tara yara masu sunan uba daban-daban. Kwanan wata ma haka: kafin 1752 shekarar Ingila da ƙasashenta a 25 ga Maris take farawa. Wasiyyar da aka rubuta a Disamba 1670 aka gabatar a Fabrairu 1670 ba kuskure ba ce, Fabrairun ta biyo bayan Disambar ne.

Sai kin gama wannan duka, kin san matarsa da maƙwabtansa da masu binsa bashi da alamar da yake yi a madadin sa hannu, sannan ki dubi teku.

A littattafan Virginia ɗin kansu, ki nemi takardar wakilci. Magaji ko ɗan kasuwa a Ingila ba zai yi tafiyar wata biyu don karɓar gado ko bashi ba. Sai ya je gaban magajin garin Bristol ko wani jami'in shaida a Landan, ya naɗa wakili, takardar ta hau jirgi, akawun gunduma ya kwafe ta baƙi da baƙi. Tana faɗin sunansa, sana'arsa, unguwar cocin da yake, da abin da ya haɗa shi da mamacin. Guda ɗaya irin wannan ta fi dukkan abin da ke intanet.

A Ingila kuma wasiyyoyi ne. Kotun wasiyya ta Akbishop na Canterbury ita ke duba na masu dukiya a yanki fiye da ɗaya da na waɗanda suka mutu a ƙetare. Kundinta ya kama daga 1384 zuwa 1858, yana babbar ma'ajiyar takardun Birtaniya a Kew. Na talakawa kuwa suna ƙananan kotunan coci, a ma'ajiyun lardi. Abin nema shi ne uwa ko kawu da ya bar wa ɗansa da ke Virginia fam biyar in ya dawo. Tun 1955 jihar Virginia ta sa aka bi ma'ajiyun Birtaniya ana tattara duk takardar da ta shafe ta, kuma rahotannin na laburaren jihar.

Idan bara ne, Bristol za ki fara dubawa. A 1654 hukumar birnin, saboda zargin satar yara ana tura su ƙetare, ta tilasta a riƙa rubuta duk baran da zai hau jirgi. Rajistar ta kai 1686, da suna wajen 10,000. A shekarun farko akawu kan sa garin mutum da sana'arsa, daga baya aka daina. Shekarun da kike nema sun faɗa daidai wannan tsakani, kuma a nan jerin sunayen da na ce ki kwafe zai yi aiki. Suna ɗaya ya zo daidai, ba komai ba ne. Huɗu daga jerinki su fito a rajistar cikin wata ɗaya, an ɗaure su ga mutum ɗaya, wannan magana ce. Garin da aka rubuta ma zai iya zama inda ya yi aiki na ƙarshe, ba mahaifarsa ba. Rajistar baftisma a cocin Ingila ta fara tun 1538, amma akwai giɓi a wurare da yawa a shekarun yaƙin basasarsu na 1640 da 'yan kai har zuwa 1660. In kin sami yaro mai sunan a rajista, ki ci gaba da buɗe shafi. Sau da yawa za ki tarar an binne shi yana ɗan shekara biyu, ko ya yi aure ya tsufa a ƙauyensu. Wanda ya haɗa muku gidan sarauta, ina kyautata zaton bai yi wannan ba.

Ga misalin da nake so ki riƙe, na gidan da ya fi kowane shahara a wannan yanki. George Washington, shugaban Amurka na farko, shi kansa bai san garin kakanninsa ba. A 1792 ya amsa wa Sir Isaac Heard, jami'in salsalar masarautar Ingila, cewa ya ji ana cewa daga wani lardi na arewacin Ingila suka fito. Kakan babansa, John Washington, ya iso kogin Potomac a jirgin fataucin taba, kuma abin da ya sa aka san yadda ya zo shi ne rigimar kuɗi da ta kai shi kotun Westmoreland a 1657 da Edward Prescott, mai jirgin. Shekaru da dama ana jingina shi da wani John Washington dabam, har mai binciken salsala Joseph Chester ya rushe wannan salsala. Sai a 1889 wani mai binciken, Henry Waters, ya fito da wasiyyar wani Andrew Knowling na garin Tring, mutumin da ko sunan Washington ba ya ɗauke da shi. Mijin kakar su John ne ta wajen uwa, kuma ya jera yaran uwarsu, Amphillis Washington: John, Lawrence, William, Elizabeth, Margaret, Martha. A Virginia an san John na da ƙane Lawrence da ƙanwa Martha. Daga baya wasiyyar Martha ta 1697 a gundumar Stafford ta fito, ta ambaci 'yan'uwanta mata biyu a Ingila, Elizabeth da Margaret. Nan magana ta ƙare: 'ya'yan Lawrence Washington ne, limamin cocin Purleigh a Essex ta Ingila wanda aka tsige a 1643. Ki lura ba takardar John ce ta warware ba. Ta ƙanwarsa ce da ta mijin kakarsa, kuma jerin 'yan'uwa ne ya dace, ba suna guda ba. In gidan shugaban ƙasa ya ɗauki kusan shekara ɗari, kada ki ji kin gaza don wata shida sun wuce.

Salsalolin sarauta da ke yawo, wasu ma da gangan aka ƙirƙire su. Gustave Anjou, wanda ya mutu a 1942, ya yi shekaru yana sayar wa attajiran Amurka asalin ƙarya, yana cusa wasiyyoyi da rajistocin da babu su cikin na gaskiya. Aikinsa ya shiga littattafan dangi, daga can ya hau intanet, ana ta kwafa. Abin na ci mini rai, domin yakan sa a share mutumin gaskiya, yaron da ya tsaya gaban alƙalai ana ƙiyasta shekarunsa, a maye gurbinsa da ɗan sarkin da bai taɓa ganin teku ba.

Ba ki faɗi ko gidan mijinki na da jinin Afirka ba, amma tsofaffin gidajen Virginia da yawa na da shi, kuma littattafan ɗaya ne. 'Yan Afirka na farko an sauke su a Point Comfort a 1619. Su ma an ci fili da kawunansu, sai dai galibi da suna ɗaya ake rubuta su, ko a sa adadi kawai. Dokar 1662 ta ce ɗa na bin matsayin uwarsa, don haka ta wajen uwa ake bi, cikin lissafin dukiyar mamaci, da rabon gado, da ƙarar neman 'yanci irin wadda Elizabeth Key ta ci a Northumberland a 1656. A nan ma fili kan yi magana. Anthony Johnson, ɗan Afirka da ya 'yantu, ya sami eka 250 a Northampton a 1651, daga baya gidan ya koma Somerset a Maryland. A Maryland kowane fili suna ake raɗa masa, kuma a 1677 jikansa John ya sa wa gonarsa mai eka 44 suna Angola. Turawan Maryland ma kan sa wa fili sunan ƙauyensu, saboda haka in wani reshe na gidan ya haura Potomac, ki duba sunan gonarsa.

Gwajin DNA na da gurbinsa. Wanda ya dace da wannan aiki shi ne na layin maza, wanda ke bi daga uba zuwa ɗa, kuma mijinki zai iya yi in sunan ta wajen maza ya sauko masa ba yankewa. Gwajin gama-gari da ake talla ba ya kai ƙarni na 17 da tabbaci. Na layin maza zai nuna ko gidanku da wani gida mai sunan a Ingila tushe ɗaya ne, kuma yakan rushe salsalar ƙarya nan take, amma ba zai faɗi sunan uba ko ƙauye ba.

Kafin duk wannan akwai abin da nake so ki fara tabbatarwa, don a nan aka fi zamewa: mutumin da ke jerin 1663 shi ne kuwa wanda daga baya ya yi fili ya haifi zuriyar mijinki? Ki buɗe takarda, ki jera duk inda sunan ya fito daga Lancaster ta 1651 zuwa Essex da Richmond na 1710, kowane layi da kwanan wata, littafi, shafi, da sunayen duk waɗanda ke tare da shi. Idan alamar sa hannunsa ta sauya, ko sunan mata ya bambanta a shekara ɗaya, ko ya bayyana a rafi biyu masu nisa da maƙwabta daban, to mutum biyu ne, sai kin raba su kafin ki nemi garin kowannensu.